Cindo da Cacar Wutsiya

Ga ta nan, in dai ban zubar da rabinta a hanya ba, don kai ya tsufa ya zama tsohon kwando, abin da aka zuba da safe kafin azahar ya tsiyaye. Wannan dai na riƙe shi, domin a garin da abin ya faru na ji shi.

A can wata duniya da kakanni suka yi ƙaura zuwa cikinta, akwai wani ƙauye da ake kira Tungar Ƙwarya. Sunan daga rufin garin ya fito, wata ƙatuwar ƙwaryar gilashi da aka kife a kan gidaje da gonaki, saboda iskar waje ba ta shaƙuwa. A ciki ake noma, a ciki ake kiwo, a ciki ake binne mamata. Damina ma ba ta zuwa da kanta, sai Maigari ya ba da izini an murɗa famfunan sama. Gero kuwa iri ɗaya ne tak, wanda kakanni suka ƙullo a bakin zane daga tsohuwar duniya. Kowace kaka ana ware buhu goma sha biyu, a ɗinke bakinsu da jan zare, a kulle a rumbun iri. In wannan ya salwanta, babu kasuwar da za a je a sayo wani.

Mabuɗin rumbun yana wuyan Sarkin Noma Arzika. Mutum ne mai son a kira shi dattijo tun gemunsa bai yi furfura ba, in zai fita sai ya duba rigarsa gaba da baya. Gida ɗaya suke da mahaifiyarsu, Inna Tabawa, wadda ba ta kama sunansa saboda ɗan fari ne, sai dai ta ce Babba. Akwai matarsa, sunanta ya ɓace mini, mace ce dai mai kirki. Sai kuma ƙanensa Cindo, mai yatsu shida a hannun dama, ƙato, ya haura talatin. Cindo ba mahaukaci ba ne. Ba ya duka, ba ya zagi, bai taɓa yin ƙarya ba. Abu ɗaya ne nasa: abin da aka ce masa shi yake yi, ba ƙari ba ragi. Arzika ya fi tsoron ƙanen nan nasa a kan tsagewar gilashin gari.

Wata rana, ranar da aka naɗa Arzika sarauta, aka tuƙa tuwo aka tara manyan gari a zaure. Arzika ya ja Cindo gefe ya ce ya tsaya a bakin ƙofa, kada ya bar kowa ya tashi bai ƙoshi ba. Aka ci aka yi hamdala. Liman Jibo, tsoho mai ciwon ciki wanda loma uku ke isarsa, ya yunƙura zai miƙe, sai ya ji hannu a kafaɗarsa. Cindo ya tambaye shi ko ya ƙoshi. Liman ba ya son ƙarya, ya ce ƙoshi dai bai yi ba, cikin ne ba ya karɓa. Cindo ya mai da shi zaune, ya janyo masa wata malmalar. Duk wanda ya taso ceton liman, shi ma sai a tambaye shi, a zaunar da shi. La'asar ta kusa wucewa ba a yi salla ba, liman na zaune yana gumi a gaban tuwo. Arzika ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Da baƙi suka watse ya kira ƙanen ya ce, "Daga yau kada ka ƙara sa hannunka a ƙwaryata." Cindo ya ce to. Tun suna yara ƙwarya ɗaya suke ci, daga ranar bai ƙara ba.

Inna Tabawa ta ga autanta na cin tuwo shi kaɗai a bayan ɗaki, abin ya tsaya mata a rai. Ta ce masa duk inda ya tarar ana ci aka ce masa bismilla, ya zauna ya ci. To, kowa ya san bismillar da ake yi wa mai wucewa. Ta baki ce, ka ce alhamdu lillahi, a ci lafiya, ka yi gaba. Cindo kuwa sai ya nemi ruwa ya wanke hannu. Mutane suka koma in sun hango shi su ƙudura ba za su ce komai ba, amma wa zai iya riƙe loma yana kallon mutum ya wuce bai tanka ba? Baki ya riga ya saba. Kafin shekara uku babu zauren da Cindo bai ci ba, kuma kowane labari sai ya dawo kunnen Arzika, ya ƙara sunkuyar da kai.

Duk bayan shekara uku, ko huɗu ne, wani jirgi yakan sauko daga sama ya manna bakinsa da ƙofar gari, ya kwana bakwai. Magani yake kawowa da ƙarfe da gishiri. A wannan zuwan sai ya zo da abin da bai saba ba, wani zagayayyen ɗaki a cikinsa inda ake caca. Mutanen jirgi ba kuɗi suke karɓa ba. Shekara da shekaru suna shan wani kunu da inji ke dama musu, don haka gero suke so, mudu-mudu.

Wata rana, kwana ɗaya da saukar jirgin, Arzika ya ji samari na ta labarin ɗakin, zuciyarsa ta yi ta ƙaiƙayi. Sarkin Noma ba ya shiga irin wannan wuri a gan shi. Sai ya aiki Cindo, ya ce ya je ya tambayi mai tsaron wurin komai da komai, ya dawo ya faɗa masa duk inda ya same shi, kada ya rage ko kalma ɗaya. Mai tsaron wasan mutum-mutumi ne na ƙarfe, samari sun sa masa suna Gwangwani. Dokar jirage ta tilasta masa ya faɗi gaskiyar wasan ga duk wanda ya tambaya, sai dai tun da aka ƙera shi ba wanda ya taɓa tambaya, kowa sauri yake ya zuba. Cindo ya tambaya, ya haddace. Ya dawo ya sami wansa a ƙofar masallaci tsakanin Liman da Maigari, ana shawarar yadda za a hana samari shiga jirgi. Arzika ya gama cewa ke nan shi ko kallon wurin ba ya son yi, sai ga Cindo ya durƙusa.

"Yaya, na gano cacar da ka aike ni. Sunanta Wutsiya."

Arzika ya yi masa alama da ido, amma ba a ce masa ya kalli ido ba. Cindo ya ce a tsakiyar ɗakin akwai wata fitila kamar kabewa tana tsaye a iska ba igiya, ita ce Rana, zafinta na narka ƙarfe. An kewaye ta da shinge, kuma cikin shingen abu ba shi da nauyi. Ƙwallaye huɗu ke zagaya ta, Tulu da Ƙwarya da Goruba da Tsaba, kowanne girmansa kamar sunansa. Mai wasa zai ɗora geronsa a faifan wanda ya zaɓa, a kaɗa ƙararrawa, Gwangwani ya saki wani garwashi mai jela, shi ne Wutsiya. In ta bugi Tulu, mudu ɗaya ya zama biyu. Ƙwarya huɗu, Goruba takwas, Tsaba sittin. In ta zagaya sau uku ba ta bugi komai ba, sai ta faɗa Rana, gida ya cinye na kowa.

"A jifa ɗari," in ji Cindo, yana lanƙwasa yatsunsa shida, "Tulu arba'in, Ƙwarya ashirin, Goruba tara, Tsaba ɗaya, Rana talatin. Gwangwani ya ce duk wanda ya daɗe yana wasa, ƙarshensa buhu ba komai. Na ce ko Yaya Arzika ne? Ya ce ko shi ne."

Bai tsaya nan ba, ya kawo dokoki uku. Ta farko, in ƙararrawa ta kaɗa, abin da ke kan faifai ba ya ɗaukuwa. Ta biyu, geron da gida ya ci yakan bi ta wani haske kafin ya shiga rumbun jirgi, kuma geron da ya bi ta hasken yana tuƙuwa amma ba ya tsira, da shi ake biyan wanda ya ci. Ta uku, in hannu ya taɓa Wutsiya tana sama, jifa ya ɓaci, kowa ya ɗauki abinsa, mai hannun kuma an rufe masa ƙofa har abada, shi da duk wanda ya ci ƙwarya ɗaya da shi a shekarar, don kada 'yan gida ɗaya su haɗa baki. Maigari ya yi gyaran murya. Liman ya dubi yatsun ƙafarsa. Arzika ya ce ai don a san abokin gaba ya aike shi. A gida ya gaya wa Cindo cewa magana irin wannan jira ake yi sai mutum yana shi kaɗai, a faɗa masa a hankali. Amma da ya zauna, sai ya ga talatin ɗin nan ta Rana ta fice masa daga kai, arba'in ɗin Tulu ce ta zauna.

Wata rana, washegari ke nan, Arzika ya auni mudu ɗaya daga geron gidansa ya ƙulle a tsumma. Ya ce wa kansa gwaji ne, don ya san abin da zai hana mutane. Ya ba Cindo ya ce ya ɗora a kan Tulu, kuma kada ya ce nasa ne. Cindo ya shiga, ɗaki cike da samari da magidanta. Gwangwani ya tambayi sunan mai gero. Cindo ya ce, "Ba zan ce na Yaya Arzika ba ne, ya hana ni." Aka yi dariya har wani ya riƙe shinge. Wutsiya kuwa ta bugi Tulu. Cindo ya rungumo mudu biyu ya fito, ya tarar wansa cikin mutane, sai ya bi shi yana jiran ya rage shi kaɗai. Daga kasuwa zuwa gona, daga gona zuwa bakin rijiya, yana biye da ƙunshi a ƙirji yana kallon ƙeyarsa, gari duk na kallonsu. Sai da Arzika ya ɗauki buta ya kewaya, Cindo ya ga yanzu kam shi kaɗai ne. Ya hau katanga ya leƙa kansa, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Yaya, mun ci." Matar maƙwabci na shanya a ɗaya gefen, kafin magariba labarin ya gama gari. Arzika ya ji kunya ƙwarai. Amma can ƙarƙashin kunyar akwai wani ɗan daɗi da ya ji, kuma wannan daɗin ne ya fi ba shi kunya daga baya, duk lokacin da ya tuna.

Wata rana, ta uku ko ta huɗu, Arzika ya ga aike ba zai yi ba. Ya sa wata tsohuwar riga, ya naɗa rawani ya ja amawali har ƙarƙashin ido. A zaure ya yi kiciɓis da Cindo, wanda ya tambaye shi ina za shi. Ya ce, "Yau ba ka san ni ba. Ni baƙo ne." Ya tafi ya ci sau biyu, sannan Rana ta fara ci. Ya bar Tulu ya koma Ƙwarya don ya mai da sauri, ya bar Ƙwarya ya koma Goruba. Kafin la'asar buhu guda na gidansa ya bi haske. Ya dawo yana jan ƙafa, zai shige gida, sai Cindo ya miƙe ya tare ƙofa, ya yi masa sallama da ladabi, ya ce bawan Allah wa ake nema, maigidan ba ya nan, kuma gidan da matan aure, ba a shiga. Arzika ya sauke amawali ya nuna fuska. Cindo ya duba da kyau ya ce lalle akwai kama da wansa, amma yau bai san shi ba. Ya shimfiɗa masa tabarma ya kawo ruwa, kamar yadda ake yi wa baƙo. Maƙwabta suka taru. Inna Tabawa ta fito jin hayaniya, Cindo ya yi mata bayani cewa wani baƙo ne, daga jirgi ya fito, tun safe yake ciki. Ta dubi ɗanta na fari ta daɗe.

"Bar shi ya shigo, Auta," ta ce. "Na taɓa saninsa."

Wata rana, bayan wannan da kwana ɗaya, Inna na girki hankalinta ba ya jikinta. Za ta leƙa maƙwabta karɓo daddawa, ta zaunar da Cindo a gindin murhu ta ce kada ya taɓa komai. A igiya kusa da murhun ta shanya wani gwado, saƙar tsohuwar duniya, wanda ta gada wurin uwarta. Gwadon ya zame, bakinsa ya sauka a wuta. Cindo ya sa hannuwansa a hammata yana kallo, yana kiran Inna a hankali, har wuta ta cinye gwadon. Ta dawo ta tarar da toka. Ta zauna a ƙasa ta yi kuka, kuma ba duka kukan ne na gwado ba. Da ta share ido ta ce, "Auta, duk abin da ka ga zai faɗa wuta, tare shi. Ko na wane ne, ko wa ya hana ka." Kafin rana ta faɗi maƙeri ya kawo ƙara, ya ce duk ƙarfen da ya miƙa wuta sai Cindo ya fizge. Mai tsire ya zo yana rantsuwa, an kwashe masa tsinke goma ɗanye an tsare. Matar Arzika ta kasa hura wuta, ko kara ɗaya ta tura sai a janye. Duk ƙarar wurin Arzika aka kawo ta, ya ba da haƙuri, amma rabin kunnensa ne yake ji, don a ranar ne ya buɗe rumbun iri.

Wannan wurin ba na son faɗarsa, amma ba ya tsallakuwa. Geron gida ya ƙare. Da tsakar rana, mutane na hutawa, Arzika ya ciro mabuɗi daga wuyansa. Buhu ɗaya, ya ce, zai mayar kafin kowa ya sani. Doka ta biyu kuwa bai manta da ita ba, da muryar Cindo ma take dawo masa. Ya san ko ya ci, abin da za a ba shi ba ya tsira. Abin da yake so kawai, ranar da Maigari zai leƙa rumbu kafin damina ya ga buhu goma sha biyu a jere. Kunyar ranar yake gudu, yunwar baɗi kuwa ya kau da kai daga gare ta. Cikin kwana biyu buhu huɗu suka tafi.

Wata rana, ta bakwai, wadda jirgi zai tashi da magaribarta, Arzika ya loda buhu takwas da suka rage a amalanke, ya rufe da tabarma, ya tura da kansa. Tun jiya bai sa komai a baki ba. Inna ta zuba tuwo a ƙwaryarsa ta rufe da faifai, ta ce Cindo ya kai masa duk inda yake, kada ya dawo sai ya ci. Ɗakin caca ya cika ya batse, mazan gari kaf, kowa na neman mai da abin da ya rasa. Maigari ya ce ya zo ganin ido ne. Liman Jibo ya shigo kiran mutane salla, cunkoso ya hana shi fita. Arzika ya tura kayansa kan faifan Tulu, tabarma na rufe. Cindo ya ratso ya tsaya a gwiwar hannunsa ya ce Inna ta ce ya ci. Arzika ya yi kamar bai ji ba. Ƙararrawa ta kaɗa, Gwangwani ya janye tabarma don ya auna, jan zare ya bayyana a bakin buhu takwas.

Maigari ya ce, "Sarkin Noma, mene ne wannan?" Maƙeri ya yi kan buhunan, ya tarar wani murfin gilashi ya riga ya sauko ya rufe su. Gwangwani ya karanta doka ta farko da muryarsa wadda ba ta hawa ba ta sauka, ya saki Wutsiya. Zagaye na farko ta wuce Tulu da taƙi ɗaya. Na biyu ta bi ta gefen Goruba kamar za ta taɓa, ba ta taɓa ba. A na uku jelarta ta lanƙwasa, ta nufi Rana. Arzika ya rufe ido. Abin da ya gani shi ne famfunan sama na zuba ruwa a kan gonaki, kwana da kwanaki, ƙasa ta jiƙe ba abin da ya fito.

Cindo shi ma yana kallo, kuma abin da ya gani shi ne abu zai faɗa wuta. Ya miƙa wa liman ƙwarya ya ce, "Malam, riƙe mini," ya tsallake shinge. Da shigarsa nauyi ya bar shi. Ƙato guda ya tashi sama kamar auduga, riga ta kumbura, ƙafafu na harbin iska, hula ta yi nata wuri. Ya juya sau biyu, ya miƙa hannun nan mai yatsu shida, ya damƙe garwashin saura kaɗan ya shiga Rana. Aka ji ƙaurin nama, rabin gemunsa ya babbake. Ya ce, "Na tare, Inna," ko da yake Inna na gida. Maƙeri ya kamo ƙafarsa ya janyo shi waje, liman ya yagi bakin rawaninsa ya naɗe masa hannu.

Gwangwani ya ce jifa ya ɓaci. Gilashi ya buɗe daga kan buhuna. Sannan ya karanta doka ta uku, ya ɗora yatsansa na ƙarfe a wuyan hannun Cindo, don ta bugun jini yake gane ƙarya, ya ce ya faɗi waɗanda ya ci ƙwarya ɗaya da su a bana. Mutanen jirgi sun saba jin suna uku ko huɗu. Cindo ya fara daga bakin kasuwa, zaure-zaure. Ya ci da maƙeri da 'ya'yansa, ya ci da mai tsire, ya ci da Maigari sau biyu, ɗaya ɗanwake ne, ya ci da liman amma liman loma uku ya yi. Duk sunan da ya kira, Gwangwani ya ce an rufe. Da farko ana gunaguni, wasu na cewa ai su bismillar baki suka yi masa. Gwangwani ya ce doka ba ta san wannan ba, ƙwarya ta sani. Sunaye ɗari uku ne da wani abu, wani abin ya shige mini. Da ya gama, Gwangwani ya juya kansa ya bi ɗakin da kallo, ya tsaya a kan mutum ɗaya, ya tambayi Cindo wannan fa.

"Yaya ya hana ni ƙwaryarsa," in ji Cindo. "Shekara uku ke nan."

Ba ƙorafi a muryarsa, kamar wanda ke faɗin ranar kasuwa. Gwangwani ya ce, "Arzika, Sarkin Noma, kai kaɗai ka rage mai izinin wasa a garin nan. Ga geronka. Akwai sauran lokaci. Za ka sake ɗorawa?"

Idon gari duka ya dawo kansa. Kowa ya ga dalilin da ya sa ya rage, mutum ɗaya ne a Tungar Ƙwarya da ya fi ƙarfin cin tuwo da Cindo, kuma uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Shi kansa ya faɗa daga baya cewa a wannan lokacin ma sai da idonsa ya bi Tulu tana zagayawa, sai da ya ji arba'in ɗin nan ta motsa a kansa. Daga nan ya san in ya fita ɗakin da izininsa, jirgi na gaba zai same shi a bakin ƙofa. Ya karɓi ƙwaryar daga hannun liman, ya zauna a ƙasa da babbar rigarsa, ya ɗaga faifai. Tuwon ya huce, miyar kuka ta daskare.

"Zauna, Cindo. Bismilla."

Cindo ya zauna, don Inna ta ce in an ce bismilla ya zauna. Amma ya ƙura wa ƙwaryar ido, ya rasa yadda zai yi. "Yaya, ka ce kada in sa hannu."

"Na ce. Bar hannunka inda yake. Buɗe baki."

Ya yanko loma ya dangwali miya ya sa wa ƙanensa a baki, sannan ya yanko tasa ya ci. Gwangwani ya ce an rufe. Arzika ya ciro mabuɗi daga wuyansa ya ajiye a gaban Maigari, ya ce buhu huɗu sun tafi, shi ya ɗauka, ba da sanin kowa ba. Bai ɗaga kai ba yana faɗa, ba wanda kuma ya iya zaginsa da ƙarfi, don kowa a ɗakin akwai abin da ya ɓoye wa matarsa a makon.

Buhu takwas aka shuka, tsakanin rami da rami da tazara. Shekarar an ɗan sha wuya, amma iri bai yanke ba. Mabuɗi kuwa a wuyan Cindo Maigari ya rataya shi, ya ce kada ya buɗe sai ya ji daga bakinsa. Akwai shekarar da mura ta kama muryar Maigari, ya aiko ɗan aike, ya aiko takarda, ya zo da kansa yana nuni da hannu, sai da shuka ta yi jinkirin kwana biyu. Ba wanda ya ce a karɓe mabuɗin.

Abin da ya rage a kwandon nawa kaɗan ne. Hannun Cindo ya warke cikin kwana arba'in. Kalma ɗaya ta isa Arzika ya janye hanin da ya yi, amma bai taɓa janyewa ba. Na gan su a zaurensu, tsofaffi biyu da ƙwarya ɗaya, ɗaya na yanko loma yana ba ɗaya. In baƙo ya tsaya kallo, Arzika yakan ɗago kai ya ce masa bismilla. A garin nan kuwa, in an ce maka bismilla, ka nemi ruwa ka wanke hannu.